Katangar da Na Sa Aka Gina a Kambodiya

Tun ranar da muka dawo muka sauka Jidda ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta hau benenmu a unguwar Misfala sayen waina ko karɓar tuwon baƙinta, sai ta aje kwano ta gyara zama ta ce, to Hajiya Ladidi, ba mu labarin ƙasar nan. Kowa na ba rabi sai tukunya ta kira ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya da ɗan rubutun nan nawa na yaƙi da jahilci, wadda ta ga kuskure ta gyara a ranta.

Kun san ba ni da ƙafar yawo. Shekara ashirin da uku ina Makka, Madina sau huɗu na je, Ɗa'ifa sau ɗaya, shi ma amai na yi ta yi a hanya. Abin da ya fitar da ni har bangon duniya, Malam ne.

Malam Ilu maigidana magini ne ɗan magini. A Kano cikin tubali da azara ya tashi, amma tun da muka zo nan siminti yake zubawa a manyan otal, har kamfani ya ce ya tsufa da hawa sama ya sallame shi. Kafil ɗinmu, wato wanda ya tsaya mana a takardun zama, mai benen da muke ciki, mutumin kirki ne, ya mai da shi mai tsaron ƙofa. Daga nan Malam ya yi shiru. Mutumin da a da sai na roƙe shi ya tsagaita in ji kiran salla, ya koma in kai masa abinci in dawo in ɗauke kwano ba mu yi kalma biyar ba. Shekara uku muna haka, ina kallon mijina yana ƙarewa a zaune.

A wani azumi wani tsoho ɗan Kambodiya ya zo umra ya sauka a hawa na uku, Haji Man ake ce masa. Larabcinsa ya fi nawa tsabta, don ya yi karatu a Harami yana saurayi. Mukayyif ɗin ɗakinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya mutu, Malam ya hau dubawa. Ba gyara ya iya ba, tsayawa ya yi yana mita cewa soron ubansa ko a tsakiyar bazara ba ya neman na'ura. Tsohon ya ce ya zauna ya ba shi labarin soron. Sai la'asar ya sauko. Ashe Haji Man yana da burin gina ɗan wurin halwa a ƙauyensu, inda mutum zai keɓe kwana biyu ko uku yana zikiri da tunani, ba waya ba hayaniya. 'Yarsa Rohima kuwa zanen gine-gine ta karanta.

Fiye da shekara bayan nan suka kira. Sun tsai da ginin, amma duk yaɓen ƙasar da suka gwada sai ya tsattsage. Suna so Malam ya zo, kuma mako shida kawai ya rage damina ta sauka. In ruwa ya tarar da yaɓe ɗanye, sai baɗi. A ranar na ji Malam yana tambayata ina tsohuwar rigarsa ta aiki. Ya ce ba zai je ba sai da ni, wai ba ya cin girkin kowa. Kafil ya yi mana huruj da auda, wato izinin fita da dawowa, muka ɗaura kaya.

Daga Jidda muka yi wajen awa tara a sama kafin Kuala Lumpur, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, a hannu na riƙo shi. Muka ƙara wani jirgin zuwa babban birnin Kambodiya. A kwastan wani jami'i ya buɗe jakata ya wuce dabino, ya wuce zamzam, ya tsaya kan ƙullin daddawa. Ya kwance ya shinshina. Na ce yau Allah ya kama ni. Sai na ga ya kira abokinsa, shi ma ya shinshina, suka yi ta dariya suna gyaɗa kai. Daga baya Rohima ta ce su ma suna da nasu, na ruɓaɓɓen kifi, ba sa miya sai da shi. Da na ji warinsa na ce lallai daddawa ta sami yayarta.

Rohima ce ta tarye mu, 'yar siririya mai gilashi, ba ta da yawan magana. Larabcinta na littafi, nawa na kasuwar Jarwal, amma muka fahimci juna. Malam take kira Ammi, wato baffa, ni kuma Hala, wato inna. Muka shiga wata ƙaramar bas da aka ɗaure wa babur biyu da buhunan shinkafa a baya. A hanya na ga malaman addininsu da safe suna tafiya a jere ba takalmi, sun yafa mayafi ruwan goro kafaɗa ɗaya a waje, sai ka rantse masu harami ne aka rina musu kaya. Inda aka tsaya hutu wata mata ta miƙo mini tire cike da soyayyen gizo-gizo, baƙaƙe, kowane ya kai tafin hannun jariri. Na ja da baya ina salati. Malam ya ce mai cin fara da yaji ba ta da bakin magana. Wannan ce zolayarsa ta farko a shekara uku, na riƙe ta a raina har muka hau jirgin fito muka haye kogi.

Ƙauyen na Musulmi ne, da masallacinsu da komai. Giginya ko'ina, da mangwaro da rimi, in ka rufe kunne sai ka ce wajen Wudil kake. Abu ɗaya ne ya bambanta: gidajensu duk a kan ƙafafu suke, sama da tsayin mutum, sai ka hau tsani. Kuma babu katanga ko ɗaya a garin. Daga inda kake tsaye kana ganin tukunyar maƙwabcin maƙwabcinka.

Washegari da asuba na shimfiɗa darduma na fuskanci inda gari ke wayewa, yadda aka koya mini tun ina yarinya a Kano. Ina sallamewa na ga uwar Rohima tsaye tana jira, ta kama kafaɗuna ta juya ni a hankali. Su alƙiblarsu yamma take. Matar da aka ce daga Makka ta zo, ita ce ta ba Ka'aba baya. Na rama sallata ina jin kunya, ita kuwa ta kawo mini shinkafa da romon kifi. Shinkafa ce safe, rana, dare, kuma komai sai an ɗan sa masa sukarin giginya mai kama da mazarƙwaila. Abin mamaki, ba tuwo na yi kewa ba, tamis da ful, burodin tanderu da waken Makka, na yi ta mafarki.

Kafin a fara aiki Rohima ta kai mu wani tsohon kango na kakanninsu, tafiyar awa ɗaya, wai mu ga inda ta ɗauko tunaninta. Akwai gumaka a ciki, ni dai na tsaya a baranda. Malam kuwa ya manta da kowa. Ya ce wannan ai marmara ce irin tamu, ya yi ta sa farce tsakanin dutse da dutse yana neman abin da ya haɗa su, bai samu ba. Rohima ta nuna mana tafkin da ya kewaye wurin, da doguwar baranda mai inuwa, da tagogi masu jerin ginshiƙai sirara da ke tsinka rana su bar iska. Ta ce waɗannan ukun ta ara, sauran kuma daga gidajen ƙauye.

Wurin halwar yana bayan gari. Ɗakuna huɗu ne ƙanana a jere, kowane daidai tabarma da mutum ɗaya, baranda ta haɗa su, duk a kan ƙafafu. Ginshiƙan daga wani tsohon rumbun shinkafa aka ciro, rufin kuma tsofaffin tayil ɗin ƙasa ne da aka tsinto daga gidajen da aka rushe, an yi shi da gangara sosai ruwa ya zuba cikin manyan randuna. Daɓen tsagaggen gora ne mai 'yan ƙofofi, bangon ma saƙar gora, shi ne Malam zai yaɓe. Ƙasar yaɓen daga gaban ginin aka haƙo, ramin ya zama tafki. Malam ya ce ai kududdufi ke nan, haka na Kano suka samu. Haji Man ya ce ba ya son a sayo abin da ƙasar wurin za ta iya bayarwa, ba ya son kuma a bar wa jikoki abin da ba zai koma ƙasa ba. Ya ga rushe-rushe da yawa a rayuwarsa, zamanin da aka yi tashin hankali a ƙasarsu ya rasa 'yan uwa bakwai. Sau ɗaya ya faɗa, bai ƙara ba.

Malam ya murza ƙasar, ya ɗanɗana, ya ce laifinsu gaggawa ne. Ya sa aka kwaɓa ta da ƙaiƙayin shinkafa da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, aka tattake, aka rufe da ganye, ya ce sai ta kwana goma ta ruɓa. Na ga mijina da laka har gwiwa yana ba mutane umarni da hannu, suna bin sa da gudu.

To ga inda na shigo. A ɗaki na farko na wurin halwar aka sauke mu. Can kowa a ƙarƙashin gida yake wuni, nan ake girki, nan ake kwanciya a ragar lilo, ni ma nan murhuna yake. Amma labari ya bazu cewa ga mutanen Makka. Tun hantsi ake zuwa, mata da maza, har daga wasu ƙauyuka, a tsaya a gaishe ni, wasu su shafa hannuna su shafa fuska. Ba wanda ya yi mini rashin kunya, sai dai abaya ba ta sauka daga jikina, ga zafi kamar Mina ranar jifa. Ko susa ba na iyawa sai da 'yan kallo.

Ana cikin haka Haji Man da Rohima suka tafi birni kwana biyar, ganin likitan idonsa da ɗauko fitilun sola. Rohima ta ce kada a fara yaɓe sai ta dawo ta duba ɗaurin goran. Malam ya zauna hannu na ƙaiƙayi, ga ƙasa ta nuna. Ni kuma na same shi da maganar da ta daɗe a bakina.

“Malam, wannan gida ne ko rumfar kasuwa? Kai da kake magini, matarka tana zaune a titi.”

Ya dubi ƙarƙashin ginin ya ce dama tun zuwansa yake ganin an yi asarar fili. In aka kewaye shi ni na samu sutura, Haji ya samu ɗakin ajiya kyauta, ƙasa kuwa a haƙo wata. Da gari ya waye ya fara. Mutanen gari suka taru suna kallo, sannan suka shiga miƙa masa curi. Ba wanda ya hana shi. Daga baya na ji cewa a wurinsu ba a gyara wa baƙo, balle baƙon da ya fito daga Makka. Wasu ma sun ɗauka haka ake yi a can. Kwana huɗu katanga ta kai ƙirji ta gefe uku, sumul, har da ɗan zane a kusurwa. Na cire abaya na sha iska, in ce iska. Gaskiya tun rana ta uku na lura ɗakinmu na sama ya zama kamar tanderun tamis, amma na kama bakina.

Da suka dawo Rohima ta sauko daga mota ta tsaya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce Ammi ya zo ya ga wani abu. Ta kai shi gindin wata giginya kusa da ginin, ta ɗora yatsa kan wani baƙin layi da ya wuce kafaɗarsa.

“Nan ruwa yake kaiwa kowace shekara, Ammi. Ba mu tare shi. Hanya muke ba shi ya wuce ta ƙarƙashinmu.”

Ta ce in katangar ta narke da sauƙi, in kuwa ta tsaya ta tare ruwa da itacen da yake kwasowa, ginshiƙan ne za su tafi. Iskar da ke sanyaya ɗakunan ma daga kan tafki take bi ta ƙasa ta hau ta cikin daɓen gora. Sai ta tambayi ina sauran ƙasar. Fiye da rabi tana cikin katanga. Malam ya ce a haƙo wata. Ta ce jan yumɓun nan iyakarsa ke nan, abin da ke ƙarƙashi yashi ne, sun gwada. Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan, da ma ta ɗaga.

Malam bai ci abincin yamma ba. Ya zauna a kan tsani hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, irin zaman da na sani. Abin da ya ce kawai, in tambaya ko ana iya matso da ranar jirgi. Kwana goma sha tara suka rage mana, gajimare kuma ya fara taruwa kowace la'asar.

Da safe na sa abayata na tafi gidan Haji Man ni kaɗai, karo na farko da na ratsa garin ba rakiya. Na same shi da 'yarsa a ƙarƙashin gida. Na ce ba Malam ba ne, ni ce. Na faɗa musu komai, har da maganar susa. Tsohon ya yi dariya har ya share ido, ya ce laifin nasu ne da suka bar ni a baje kamar kayan talla. Rohima ba ta yi dariya ba. Ta ce ta zana wurin tana tunanin iska da ruwa da rana, ba ta taɓa tunanin macen da ke son cire mayafi ba, alhali mata ma za su zo halwa. Ta ɗauko takarda ta zana wani labulen gora da ake saukewa a naɗe. Na ce ai asabari ke nan, kakata ma tana da shi. Amma maganar ƙasa, haka na taso ba a samo mafita ba.

Na koma na tarar da Malam tsaye gaban katangarsa. Ya ce sai a nemo masu gatari su farfasa a zubar a bayan gari. Sai na tuna gidan kakata bayan damina, yadda ake tattara bangon da ya faɗi.

“Malam, ba jiƙa ta ake yi ba?”

Ya juyo ya dube ni. Ya ɓantari wani gefe, ya murƙushe a tafin hannu, ya zuba ruwan buta, ya murza. Ya daɗe yana murzawa.

“Shekara ashirin ina fasa siminti ana kwashewa a mota,” in ji shi. “Har na manta wannan ba ta mutuwa.”

Da hannunsa ya ture ta, gefe bayan gefe, bai bari kowa ya taya shi ba. Aka mai da ita rami aka zuba ruwa ta kwana biyu. Saura taku, kuma taku yana son ƙafafu da yawa, ga maza duk sun tafi gyaran gonaki kafin ruwa. Malam ya shiga shi kaɗai, ina ganin yadda yake haki. Na duba dama na duba hagu. Na tattare abaya na ɗaure a ƙugu, wandona na ciki har idon sawu, na shiga. Sanyin lakar ya ratsa ni har ka. Uwar Rohima ta gan ni, ta yi wata kira, kafin a jima mata sun fi goma a cikin ramin, mun riƙe kafaɗun juna muna zagayawa. Suna wata waƙa tasu, ni ina amsawa da abin da kunnena ya kama, suna faɗuwa da dariya. Ni da na nemi katanga don kada a gan ni, rabin gari ya kalle ni da laka har gwiwa, ban kuma mutu ba.

Malam ya yi yaɓen cikin kwana goma sha ɗaya, shafi biyu, da tafin hannu, Rohima tana gefensa tana rubuta duk abin da ya yi, mutum uku na gari suna koyo. Ƙasar ta isa da ƙyar; bangon bayan ɗaki na huɗu ya fi sauran siranta, shi da kansa ya nuna musu ya ce su ƙara baɗi. Kullum da safe sai ya bi bango yana neman tsaga. 'Yan ƙanana suka fito a ɗaki na biyu, ya shafe su da ruwan yumɓu, ba su dawo ba. Ruwan farko ya sauka saura kwana uku mu taso, kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya a baranda muna jin randuna suna cika. Malam ya dafa bango, a bushe.

Haji Man ya ce wanda ya yaɓe ɗaki shi ya fi cancanta ya fara zama a ciki. Ya roƙi Malam ya yi halwar wuni ɗaya, daga asuba zuwa magariba, ba magana da kowa. Malam ya hau da carbinsa ya ja ƙofa. Ni ina ƙasa, an sauke mini asabarina ta gefen hanya, ina tsince shinkafa, iska tana wucewa ta kaina tana hawa wurinsa.

Bai kai hantsi ba na ji murya ta cikin ƙofofin goran.

“Hajiya. Kina nan?”

Na ce ina nan, amma ai an ce ba magana.

Sai ya ce kusurwar nan ta hagu bai gamsu da ita ba, da ya samu makuba, ruwan ɓawon ɗorawan nan na shafe, da ya nuna musu aiki. Daga nan ya wuce kan soron ubansa, da wanda ya koya wa uban nasa, da shekarar da azara ta karye da su. Na ci gaba da tsintar shinkafata. Ban ce ya tsagaita ba, har aka kira azahar.